Darasin Allo: Mu Koyi Yaren Mage

Darasin kimiyya na wannan fitowar a kan wata maƙwabciya ne da kowa ya sani, amma kaɗan ne suka fahimce ta, wato mage. Wasu su ce kyanwa, mutanen Sakkwato su ce mussa, namijinta kuwa muzuru. Daga Garu zuwa Takur, daga Limawa zuwa Fagoji, har ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, da wuya ka shiga unguwa ba ka ga ɗaya tana bin katanga ba. A nan makaranta ma tana nan a bayan kicin da gefen sito.

Dalili biyu suka sa muka zaɓi wannan batu. Na farko, kaka ta yi. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna shiga rumbu, ɓeraye kuma suna biye da su, mage ce mai gadin da ba a biyanta albashi. Na biyu, muna ganin yadda ake jifanta a banza, muna kuma ganin yadda take yakushin yara. Duka biyun rashin fahimta ne yake kawo su. Mage tana ba da sanarwa kafin ta yi komai, sai dai ba da Hausa take bayarwa ba.

Daga ina ta fito?

Masana ilimin halittu suna kiranta Felis catus. Asalinta kyanwar daji ce da ake samu a Afirka da Gabas ta Tsakiya, mai suna Felis lybica, wadda har yau tana rayuwa a dazuzzukan Afirka. Lokacin da ɗan Adam ya fara noma yana tara hatsi, ɓeraye suka taru a wurin. Kyanwar daji ta biyo ɓera, manomi ya ga amfaninta ya ƙyale ta. Ka ga ke nan rumbu ne ya haɗa mu. A shekarar 2004 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Sayifuros, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Mutanen tsohuwar Masar kuwa sun girmama ta har suna adana gawarta.

Wannan tarihin shi ne mabuɗin halinta. Kare ya fito daga dabbar da take farauta a garke, shi ya sa yake neman shugaba. Kakannin mage kowa shi kaɗai yake farauta, kowa da yankinsa. Don haka mage ta fi damuwa da wuri, da wari, da hanyar tsira. Wanda ya riƙe waɗannan ukun ya kama rabin darasin.

Kayan aikinta

Kunne: Kunnen mutum yana jin sautin da yake girgiza har sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Na mage yana kaiwa wajen 64,000. Ɓeraye suna kiran juna da siririyar muryar da mu ba ma ji, ita kuwa tana ji sarai. In ka gan ta ta ƙura wa bango ido alhali kai ba ka ga komai ba, sau da yawa motsi take saurare a bayan bangon ko cikin rufi.

Ido: Hasken da yake isar ta gani bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wanda mutum yake bukata ba. A bayan idonta akwai wani shimfiɗi mai kama da madubi, wanda yake mayar da haske. Shi ne yake sa idonta ƙyalli in ka haske ta da tocila. Ka gwada haska garken awaki ko shanu da dare, za ka ga irin wannan ƙyallin, domin su ma suna da shi.

Gashin baki: Kusan 12 ne a kowane gefe, saiwarsu tana haɗe da jijiyoyi. Da su take jin motsin iska da abin da yake dab da fuskarta a cikin duhu. Yanke mata su da almakashi don wasa zalunci ne.

Hanci: Ban da hanci, tana da wata ƙaramar gaɓa a ganɗarta ta sama mai karanta warin sauran maguna. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ta shinshini wuri, sai ta tsaya baki a ɗan buɗe kamar mai mamaki.

Maganar jela

In kana son sanin zuciyar mage, fara duba jelarta.

1. Jela a miƙe sama, wani lokaci ƙarshenta ya ɗan lanƙwashe: sallama ce. Haka 'ya'ya suke tarar uwarsu, haka take tarar mutumin da ta amince da shi.
2. Jela tana kaɗawa da ƙarfi, tana bugun ƙasa: ranta ya fara ɓaci. A nan yara suke ruɗewa, domin sun saba da kare mai kaɗa jela in yana murna. A wurin mage gargaɗi ne, ka janye hannunka.
3. Ƙarshen jela kaɗai yana motsi, jiki a ƙasa: ta hangi abin farauta. Wannan ita ce kwanciyar da Bahaushe ya ce ta mage mai ɗaukar rai.
4. Jela ta kumbura kamar tsintsiya, baya ya gantsare, gashi ya miƙe: ta tsorata ƙwarai, tana ƙara wa kanta girma don abokin gaba ya ja da baya.
5. Jela a matse a ƙarƙashin ciki, jiki a dunƙule: tsoro ko ciwo.

Maganar kunne da ido

Kunnuwa a tsaye suna fuskantar gaba alama ce ta natsuwa ko sha'awar abin da take kallo. In suka juya gefe, ta fara damuwa. In suka kwanta a baya suka manne da kai, ta shirya kare kanta, kuma wanda ya kai hannu a lokacin shi ya jawo wa kansa.

Ƙwayar idonta takan tsuke ta zama kamar zare a cikin rana, ta buɗe ta cika ido a cikin duhu. Amma in ka ga ta buɗe da tsakar rana, to tsoro ne ko zumuɗi.

A wurin maguna, ƙura ido neman faɗa ne. Lumshe ido a hankali kuwa alamar zaman lafiya ce. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Sasek ta Ingila, ciki har da Farfesa Karen McComb, sun gwada wannan. Sun gano cewa in mutum ya lumshe wa mage ido a hankali, ta fi saurin mayar masa da irinsa, kuma ta fi yarda ta matso kusa da shi ko da baƙo ne. Wannan gwaji ne da kowannenmu zai iya yi yau ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Maganar murya

Tun a shekarar 1944 wata mai bincike a Amurka, Mildred Moelk, ta kasa muryoyin mage zuwa iri 16, ta zuba su a gida uku. Rabon nata yana da sauƙin riƙewa.

Gida na farko: sautin da take yi baki a rufe. A nan ne ake samun wannan ƙarar mai kama da ta ƙaramin inji, wadda take fitowa daga maƙogwaro in tana kwance a jikin wanda ta saba da shi. 'Ya'yanta suna fara yin ta tun suna 'yan kwanaki, lokacin shan nono. Galibi alamar jin daɗi ce, amma a kula: magen da take naƙuda, ko wadda ta ji rauni, ita ma takan yi. Sai ka haɗa da sauran alamu kafin ka yanke hukunci.

Gida na biyu: sautin da take buɗe baki ta rufe, wato "miyau". Abin mamaki a nan shi ne manyan maguna ba su cika yi wa junansu miyau ba. Ɗan mage ne yake yi wa uwarsa, babbar mage kuwa mu take yi wa. Ta lura cewa mutum ba ya jin wari kamar ita, ba ya karanta jela, amma yana juyowa in ya ji kuka. Kowace mage da irin kukan da ta saba yi wa mutanen gidansu, shi ya sa uwar gida takan bambance kukan yunwa da kukan "buɗe mini ƙofa", baƙo kuwa duk ɗaya yake ji.

Gida na uku: sautin da take yi baki a wangale, wato huci irin na maciji, da gurnani, da ƙara. Ma'anarsu ɗaya ce: "Matsa daga nan." Magen da take huci ta fi ka jin tsoro. Ba ta hanya, za ta wuce.

Tana jin namu kuwa? A shekarar 2019 wata mai bincike a Japan, Atsuko Saito, ta nuna cewa maguna suna bambance sunansu daga sauran kalmomi masu irin tsawonsa. In ka kira taku ta motsa kunne kawai ba ta taso ba, ta ji ka, ba ta ga damar zuwa ba ne.

Wasiƙar wari

Mage tana da ƙananan gaɓoɓi masu fitar da wari a kumatu, da haɓa, da goshi, da gindin jela, da tafin ƙafa. In tana goga kumatunta a ƙafarka ko a ƙafar gado, tana sa alama ce cewa wannan na gida ne. In tana karce gindin darbejiya ko buhu ko tabarma, aiki biyu take yi: tana gyara farcenta, tana kuma barin saƙo ga magen da za ta biyo hanyar. Duka ba ya hana ta. Abin da yake hanawa shi ne a ajiye mata wani gungume kusa da inda take kwana. Muzuru kuwa yakan juya baya ya fesa fitsari a jikin bango, wanda yake gaya wa sauran muzurai cewa yankin yana da mai shi.

Halaye huɗu da ake yi wa mummunar fassara

Kukan dare. Da yawanmu mun taɓa jin kuka kamar na jariri a bayan ɗaki da tsakar dare, har wasu su ce aljani ne ko maye. Macen mage ce da lokacin barbararta ya zo take kiran muzurai, ko kuma muzuran ne suke yi wa juna barazana a kanta. Yakan ɗauki wajen mako guda, in ba ta ɗauki ciki ba ya dawo bayan mako biyu ko uku.

Baƙar mage. Baƙin gashinta daga sinadarin melanin yake, wanda shi ne yake ba baƙar akuya launinta, shi ne kuma a fatar jikinmu. Halinta da na fara da na mai rodi-rodi duk ɗaya ne.

Ɗauke 'ya'ya. Mage tana ɗaukar ciki na kwana 63 zuwa 65. 'Ya'yan suna zuwa ido a rufe, sai bayan kwana 7 zuwa 10 suke buɗewa. In aka dame ta da leƙe da taɓawa, sai ta kama su a ƙeya ɗaya bayan ɗaya ta canza musu maɓoya. Yara su wayi gari ba su gansu ba, su ce ta cinye su. Mafi yawan lokuta suna nan a bayan buhuna ko ƙarƙashin tarin kara. Masana sun lura cewa tsakanin mako 2 zuwa 7 ne ɗan mage yake sabawa da mutane. Wanda aka riƙa ɗauka a hankali a wannan lokacin yakan tashi da sanyin hali, wanda aka tsangwama kuwa ya tashi yana gudun kowa. Kada a raba su da uwarsu kafin mako 8.

Kwanciya ciki a sama. In ta yi birgima a gabanka ta nuna ciki, amincewa take nunawa. Yawancinsu ba sa son a taɓa cikin, wanda ya kai hannu sai ya sha farce huɗu a lokaci ɗaya. Shafa mata kumatu ko ƙarƙashin haɓa ya fi.

Me ya sa take barci haka?

Mage takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a yini. Lokacin aikinta shi ne magariba da asuba, daidai lokacin fitowar ɓeraye. A bazarar Dutse, in duwatsu suka ɗauki zafi, za ka same ta a miƙe a gindin randa. Da hunturu kuma sai ta dunƙule kusa da murhu, ko ta shige ƙarƙashin mota don ɗumin inji. Masu mota a gidajenmu su riƙa bubbuga gaban motar kafin su tayar da safe.

Inda abin ya shafi lafiyarmu

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, wani nau'in ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashinsa in suka taɓa abinci. Yakan fi yawa da rani. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar akwai adana hatsi a mazubi mai murfi, da zubar da shara nesa da gida, da tsabtace muhalli, da kuma ajiye kyanwa. Gidan da yara suka kori magensu da jifa ya buɗe wa ɓera ƙofa. Amma mage kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da tsabta. In ta kawo ɓeran da ta kashe ta ajiye a tsakar gida, kada a ɗauka da hannu. A sa shebur a binne shi.

Ita ma magen tana iya kawo cuta. Ciwon haukan kare ya fi zuwa ta cizon kare, amma mage ma tana iya ɗauka ta ba mutum. In ta cije ka ko ta yakushe ka har fata ta fashe, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ka sanar da malami ko iyaye, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru, domin in alamun ciwon suka bayyana kusan ba a tsira. Magen da aka ga tana dalalar da yawu, ko tana tangaɗi, ko tana afka wa mutane ba dalili, a nisance ta a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi. Akwai allurar rigakafin wannan ciwo ta maguna a asibitin dabbobi.

Mage tana son binne kashinta a yashi, don haka a hana ƙanne wasa a tarin yashin da take zuwa, a kuma wanke hannu kafin cin abinci. Mace mai ciki kada ta zama ita ce mai kwashe kashin mage, domin akwai wata ƙwayar cuta a cikinsa da kan cutar da ɗan tayi.

Haƙƙinta a kanmu

Malamanmu na addini sun karantar da mu cewa an yi wa Sahabi Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, wannan laƙabi ne saboda 'yar kyanwar da yake riƙo. Sun kuma karantar da mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ga kaɗan daga abin da ya kamata mu kiyaye:

- Mage maciyar nama ce. Tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe ta. A haɗa mata da guntun kifi ko nama ko kayan ciki. Magen da take ƙoshi ba ta daina kama ɓera, kuma ta fi barin 'yan tsaki su sha iska.
- A ajiye mata ruwa mai tsabta kullum, musamman da bazara. Madara da yawa tana sa manyan maguna zawo.
- Kada a taɓa ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa ma suna lalata mata jini.
- Maganin ɓera yana kashe magen da ta ci ɓeran da ya sha shi.
- Kada a jefo ta daga bene ko bishiya don a ga ko za ta dira da ƙafa. Tana iya juya jikinta a iska, amma ƙashinta yana karyewa kamar na kowa.
- Masu kaji da tattabaru su gyara akurki su rufe da dare. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma mai kaza shi ma da nasa aikin.
- In ta ɓuya, ta daina ci, ta daina lasar jikinta, ba ta da lafiya. Mage tana ɓoye ciwo, sai mai lura yake ganewa.

Yadda ake gaisawa da baƙuwar mage

Ka tsuguna, kada ka tsaya a kanta. Ka kau da ido, ko ka lumshe a hankali. Ka miƙa yatsa ɗaya ka bar ta ta zo ta shinshina. In ta goga kumatu, ka shafa kaɗan. In jela ta fara bugun ƙasa ko kunne ya juya, ka tsaya. Kada ka tare mata hanya, kada kuma ka ritsa ta a lungu. Kyanwar Lami ce kaɗai aka ce ba ta cizo ba ta yakushi, sauran duk suna yi in an matsa musu.

Aikin mako

Kowane ɗalibi ya zaɓi mage ɗaya, ta gida ko ta makaranta. Ya ja layi shida a takarda: lokaci, wuri, yanayin jela, yanayin kunne, irin murya, da abin da ya biyo baya. Ya riƙa kallonta daga nesa na minti goma kullum har kwana bakwai, ba tare da ya taɓa ta ba. Sannan ya amsa waɗannan:

1. Mene ne bambancin kaɗa jelar kare da ta mage?
2. Me yake sa idon mage ƙyalli da dare? Kawo wata dabba mai irin wannan.
3. Wa babbar mage ta fi yi wa miyau, kuma me ya sa?
4. Lissafa matakan da za ka ɗauka in mage ta yakushi ƙaninka.
5. Kawo karin magana ɗaya a kan mage da ba mu ambata ba, ka faɗi halin da ya nuna.

A rubuta suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa amsoshi uku da suka fi kyau a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Muna kuma roƙon shugabannin ɗalibai su taya mu sa ido a bayan kicin, a daina jifan magunan da suke tsare mana sito.

Wassalam.

Daga Sashen Kimiyya, Ƙungiyar 'Yan Jarida